Sakamakon sati 4 ba sallama ba ne 🧵

1/ Kawuna a Kakau yana shan maganin ciwon hanta nau'in C. Sati 4 da farawa aka auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, takarda ta ce ba a ga komai ba. Sai ya ce min: "Ɗana, ai na warke. Kuɗin sauran maganin gara a sayi taki." Wallahi sai da gabana ya faɗi.

2/ Ban ga laifinsa ba. A da, zamanin allurar interferon da ribavirin, gwajin farko-farko shi ne alƙali. Magani sati 24 zuwa 48, ga zazzaɓi ga kasala. In a sati 12 cutar ba ta ragu ninki 100 ba, likita kan dakatar, don da wuya a warke.

3/ Amma tun da sofosbuvir ya fito a 2013 labari ya canza. Yanzu maganin haɗiya ne, a haɗa shi da daclatasvir, kullum har sati 12. Fiye da kashi 95 cikin 100 na warkewa.

4/ Da wannan maganin, yawanci a sati 4 gwaji ba ya ganin komai. Ma'anarsa cutar ta yi ƙasa da abin da na'ura ke iya kamawa, ba wai ta bar hanta ba. Ka tsaya nan, tana iya dawowa. Wanda kuma aka ga saura a jininsa kar ya karaya, mafi yawansu suna warkewa.

5/ Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na sati 12 BAYAN gama magani. Shi ne sallama.

6/ Ra'ayina: in aljihu ba nauyi, gwaji ɗaya kafin farawa, ɗaya na ƙarshen nan. Kuɗin na tsakiya a sa a magani, sai dai in likita ne ya nema.

7/ Kuma gwajin tsinke na gaggawa zai ci gaba da nuna alama ko bayan an warke. Kar wani ya tsorata ka da shi.

8/ Ni da Umma muka yi karo-karo, Kawu bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Taki dai ya jira.

In akwai mai shan maganin nan a gidanku, don Allah ku tambaye shi sati nawa ya rage masa.