Fetur na da hanya, saniya ba ta da ita?

Ƴan uwa makiyaya da fataken dabbobi,

Ku zo mu yi wa juna lissafi. An tono man fetur a Agadem, cikin jihar Diffa, ƙasar masu raƙuma da shanu. An shimfiɗa masa bututu na kusan kilomita 2,000, ya ratsa Nijar, ya ƙetare kogin Kwara wajen Gaya, ya bi Benin har Seme, ya nutsa cikin teku inda jiragen ruwa ke lodi.

Bayan juyin mulkin watan Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. A 2024 Benin ta buɗe nata gefe, Nijar ta bar nata a rufe. Da rigima ta yi zafi a watan Mayu, shugaba Talon ya hana lodin man Nijar a Seme. To, me ya faru? Nan da nan wakilan Sin suka sauka Kwatano, cikin ƴan kwanaki jirgin farko ya yi lodi ya tafi.

Mu fa, wa ya taso domin mu? Tun Disamba 2019 Benin ta hana garkunan ƙasashen waje shiga ƙasarta kiwo, alhali ta sa hannu a yarjejeniyar CEDEAO ta 1998 wadda ta yarda makiyayi ya ƙetare iyaka da takardar dabbobinsa. Da aka rufe gada kuma, falke ya koma kwale-kwale da dogon zagaye, kuɗin hanya ya cinye riba.

Za a ce mana fetur ne ke cika baitulmali. Ba mu musa ba. Amma kafin Agadem wa ya riƙe ƙasar nan in ba uraniyom da dabba ba? Rijiyar mai tana ƙafewa, saniya kuwa haihuwa take. Kuma dokar kiwo ta 2010 ta ce yawo da dabba haƙƙin makiyayi ne, ba alfarma ba.

Buƙatarmu ɗaya ce. Duk ranar da Yamai da Kwatano za su zauna a kan bututu, a sa maganar burtali da mashaya da ƙetaren dabba a faifai guda, kuma a kira wakilanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai iya ba, a ruga da kasuwar kara. Allah ya kiyaye mana dukiya, amin.