Ƙudirin dokar haya a Legas: Wa zai kai ƙarar mai gida?

A watan Yulin 2025 ne ƙudirin sabuwar dokar haya ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dokokin Jihar Legas. Abin da ya fi jan hankali a cikinsa shi ne ƙayyade la'adar dillalan gidaje a kan kashi 5 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, tare da wajabta musu yin rajista da LASRERA, hukumar da ke sa ido kan hada-hadar gidaje a jihar. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Agege ko Idi-Araba ya san abin da dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya ke lashewa tun kafin a miƙa makulli.

Sai dai Legas ba ta rasa doka ba. Tun a 2011 Gwamna Babatunde Fashola ya sanya hannu kan dokar da ta haramta karɓar hayar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Ta ce sai an bai wa mai biyan shekara-shekara wa'adin wata shida kafin a tashe shi, ta kuma ba ɗan haya damar ƙalubalantar ƙarin da ya wuce kima a kotu. Amma ta tsame Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA.

Raunin wannan doka yana wuri guda: ta ɗauki mai karɓa da mai biya duk a matsayin masu laifi. Ɗan kasuwar Mile 12 da ya haɗa hayar shekara biyu don kada wani ya riga shi, ta yaya zai kai ƙara alhali shi ma ya taka doka? Kuma inda mutum goma ke neman ɗaki ɗaya, wanda ya kafe a kan haƙƙinsa shi ke kwana a waje. Ma'aikacin da ke karɓar albashi wata-wata kuwa, bashi yake ci ya biya shekara.

Masu gidaje ma suna da abin faɗa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin gyara ya yi tashin gwauron zabi, kuma shari'ar tashin wanda ya ƙi biya kan daɗe a kotu. Wannan jinkiri na cikin abin da ke sa su nemi kuɗin gaba masu yawa.

Don haka ƙayyade la'ada kaɗai ba zai wadatar ba. Abin da ya kamata 'yan majalisar su tsaya a kai shi ne kare ɗan hayar da ya kai ƙara daga hukunci da kora, da sanya wa kotu wa'adin yanke shari'ar haya.