Rikicin Biyan Kuɗin Kwangilar Gine-gine: Darasi Daga Dokar Birtaniya

A harkar gine-gine, babu abin da ke kassara ƙananan 'yan kwangila kamar jinkirin biyan kuɗi, domin kafin kotu ta yanke hukunci, an sallami magina da leburori, aiki ya tsaya cik.

Wannan ne ya sa Birtaniya, bisa shawarar rahoton Michael Latham na 1994, ta kafa doka a 1996, wadda ta fara aiki a 1998. Dokar ta bai wa kowane ɓangare damar kai saɓani gaban mai raba gardama a kowane lokaci, shi kuma tilas ya yanke hukunci cikin kwana 28, da ƙarin 14 idan mai ƙorafi ya amince. Hukuncin na wucin gadi ne, amma bin sa wajibi: a biya tukuna, wanda bai gamsu ba ya garzaya kotu daga baya. Singafo ta bi sahu a 2004, Malesiya a 2012.

Sai dai tsarin ba ya maganin karayar jari. Lokacin da kamfanin Carillion ya durƙushe a Janairun 2018, kamfanoni kusan 30,000 na bin sa bashin kimanin fam biliyan 2, kuma hukunci ba ya tatso kuɗi daga asusun da ya bushe.

A Najeriya, dokar sasanci ta 2023 ba ta tanadi irin wannan tsari ba. Idan har za a kafa shi, amfaninsa zai dogara ne ga ko gwamnati, wadda ita ce babbar mai bayar da kwangila, za ta yarda wa'adin ya hau kanta ita ma.