Cinikin tattasan Diffa ta wayar salula: riba da haɗarin da ke ciki

Duk wanda ya san jihar Diffa ya san cewa arzikinta na bakin ruwa ne. Kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa Tafkin Chadi, shi ke shayar da gonakin tattasai na Chetimari, Diffa, Geskeru har zuwa Bosso, kuma saboda kuɗin da wannan tattasai ke kawowa ne ake yi masa kirari da jan zinariya. A da, manomi ba ya wahalar neman mai saye. Da zarar tattasai ya bushe an ɗura a buhu, fatake daga Najeriya, Damagaram da Maraɗi ke zuwa da kansu su duba, su taya, su loda.

Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da garin Diffa, abin da ya sa gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, an taƙaita sayar da takin zamani, an kuma dakatar da cinikin tattasai da kifi bisa zargin cewa 'yan bindiga na samun kuɗi ta wannan hanya. Sai a 2017 aka sake buɗe harkar tattasai, ta kifi kuwa sai 2019. A watan Agustan 2019 ɗin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe iyaka zuwa farkon 2024. Ga kuma ambaliyar Komadugu da ta cinye gonaki a 2019 da 2022. Sakamakon haka, bafatake da yawa ya daina zuwa, kaya suka koma jiran mai saye.

A nan ne wayar salula ta shigo cikin lamarin. Tsakanin Diffa da Yamai akwai tazarar da ta haura kilomita 1,300, amma hoton buhun tattasai na isa can cikin ƙiftawar ido. Tun da WhatsApp ya ɓullo da tsarin sanya hoto na awa 24 a 2017, ya kuma fito da WhatsApp Business a 2018, mai ƙaramin jari ya samu rumfar da ba a biyan kuɗin haya. Facebook da TikTok su ma sun ba da damar nuna kaya ga wanda bai taɓa taka Manga ba. Alfanun hoto da saƙon murya a gare mu shi ne ba sa buƙatar ilimin boko: uwargida mai haɗa turaren wuta da humra, ko mai sayar da banda, kanwa ko dabinon Gudumariya, tana iya nuna hajarta ta yi bayani da Hausa ko Barbarci.

Sai dai ya kamata mu fahimci abin da mai saye ke nema a hoto. Ɗan kasuwar da ke Maraɗi ba kwalliya yake so ba, so yake ya san ko tattasan ja ne sosai, ko ya bushe, ko akwai ƙasa da ruɓaɓɓe a ciki. Don haka a ɗauki hoto da hasken safe ko na la'asar, a kan tabarma mai tsabta, ba tare da ƙara masa launi ba. Ɗan gajeren bidiyo da ke nuna an zazzage buhu har ƙasansa, an murtsuke tattasai a hannu ana jin ƙarar bushewarsa, ya fi hoto goma amfani. A faɗi ma'auni, tiya ce ko buhu, a faɗi ranar da aka ɗauki hoton, a kuma fayyace ko farashin da sefa ne ko da naira, domin tun faɗuwar darajar naira a 2023 rashin fayyace wannan na iya cinye ribar mutum baki ɗaya.

Haɗarin farko shi ne cinikin biri a sama. Akwai masu satar hoton kayan wani su karɓi kuɗin kafin alƙalami su kashe waya, akwai kuma masu turo hoton rasit na jabu su ce sun biya. Maganin wannan a fili yake: kada kaya su bar hannu sai an je ofishin aika kuɗi an karɓa, ko an ga saƙon shigar kuɗi daga kamfanin da kansa. Da baƙon mai saye a fara da buhu ɗaya ko biyu, a kuma nemi wanda ya san shi a kasuwarsu ya tsaya masa, kamar yadda iyayenmu ke yi ta hannun maigida da dillali. Wato waya ba ta kori dillali ba, ta dai rage masa damar ɓoye farashi, tunda manomi na iya jin yadda ake sayarwa a Damagaram kafin ya sallama.

Na biyu, kada mu jingina kasuwarmu ga intanet kaɗai. A watan Fabrairun 2021 an katse intanet na salula a Nijar na kusan kwana 10 bayan zaɓe, a ranar 4 ga Oktoban wannan shekara kuma Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya na kimanin awa 6. Mai hankali ya rubuta lambobin abokan cinikinsa da basussukansa a littafi. Na uku, yanayin tsaron yankinmu na buƙatar takatsantsan: kada a ɗauki hoto kusa da shingen sojoji, kada a nuna damin kuɗi, ƙofar sito, ko a sanar da ranar da mota za ta tashi da hanyar da za ta bi.

A ganinmu, babbar riba na ga haɗa kai. Mace guda mai tiya biyar ba za ta iya cika odar ɗan kasuwar Yamai ba, amma ƙungiyar mata 20 da ke da waya guda, ma'auni guda da suna guda za ta iya, har ta daka garin tattasai ta ƙulla a leda mai ɗauke da sunanta. Muna kira ga majalisar manoma ta jihar Diffa da shugabannin kasuwa da su koya wa mambobinsu wannan aiki, su riƙa tantance masu sayarwa na gaskiya, hukuma kuma ta kula da hanya da wutar lantarki, domin buhun da aka nuna a waya dole sai ya hau mota kafin ya zama kuɗi. Wanda ya aika abin da ya nuna, shi za a sake kira baɗi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka.