Katin Awon Jariri Ya Fi Kundin Gwamnati Gaskiya

Duk wanda ya taɓa raka iyalinsa awon jariri a wani asibiti nan Tudun Wadan Zariya ya san katin nan mai zanen layuka. A ɗora yaro a sikeli, malamar asibiti ta ɗiga alamar nauyinsa, ta ja layi ta haɗe da alamar watan jiya. Idan layin ya hau, sai godiya. Idan ya kwanta wata biyu a jere, ba a jira sai yaro ya ƙanjame. Nan take za a tambayi nono da kunu da gudawa. Wani likita ɗan Ingila, David Morley, shi ya tsara irin wannan kati a ƙasar nan, bayan aikin da ya fara a Imesi-Ile ta ƙasar Yarbawa a ƙarshen shekarun 1950, daga nan ya bazu a duniya.

Da'awata ita ce, wannan ɗan kati ya fi manyan kundayen burinmu gaskiya. A zamanin Abacha an yi mana alƙawarin 2010. A zamanin 'Yar'aduwa aka ce kafin 2020 za mu shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki. Yanzu an miƙa mu 2050. Wane ne a cikinmu ya taɓa ganin layin waɗannan alƙawura manne a bangon sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ana ɗiga masa alama duk wata? Muna son buri mai nisa ne saboda ranar hisabinsa ba za ta riski wanda ya ɗauke shi a kujera ba.

Inda muka jure wa awo kuwa, mun ga amfaninsa. A 2006 cutar shan inna ta kama yara fiye da 1,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Daga 2012 aka kafa cibiyoyin gaggawa masu bin alƙaluma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: ina aka tsallake yara, wace tawaga ce ba ta fita ba. A shekarar an samu yara 122, a 2014 suka koma 6. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Jadawali bai ɗiga wa yaro ko ɗaya magani ba, amma ya hana masu sakaci wurin ɓuya.

Za a ce ai alƙaluma ma ana dafa su. Gaskiya ne, jadawalin ƙarya ya fi rashinsa illa, domin yana kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi. Maganinsa shi ne kada mai aiki ya zama shi ne mai awo, kuma a kafe zanen inda jama'ar da abin ya shafa za su gani su ƙaryata.

Don haka, shugaban makaranta ko asibiti ko ƙungiyar unguwa, zaɓi abu guda mai ƙirguwa: yara nawa ne a aji uku ke iya karanta shafi, famfo nawa ke ba da ruwa. Rubuta inda ake yau da inda ake so a kai, ka ɗiga alama duk wata da alƙalamin da ba ya goguwa. Watan da layin ya sauka, a bar shi a bango. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma uwar da ta ɓoye katin awo ba ta ƙara wa ɗanta nauyi ba.