Sharhi: Intanet Ya Iso Gure, Amma Ɗalibi Ya Iya Tambayarsa?

Abubuwa biyu sun faru a Nijar cikin watan Maris na 2025 waɗanda suka shafi duk ɗalibin da ke shirya kundin kammala karatu. Kamfanin Starlink ya fara ba da intanet ta tauraron ɗan'adam a ƙasar, sannan sabon kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Mutane da dama sun ɗauka bincike zai yi sauƙi daga nan. Sai dai samun layi daban, samun abin da ake nema daban.

Mu ɗauki ɗan ƙaramar hukumar Gamu da ke gundumar Gure, wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma yana son yin rubutu a kan mahaifarsa. Idan ya rubuta "Gamou" kawai a Google, abin da zai fi cika masa fuska shi ne labarin Maulidin birnin Tivaouane na Senegal, domin da wannan suna ake kiran bikin a can. Data ta tafi, aiki bai motsa ba.

Maganin yana cikin 'yan alamomi. Ya rubuta Gamou Gouré Zinder, ya ƙara -Tivaouane, wato alamar ragi manne da kalmar da ba ya so. Idan jimla ce yake nema daidai da yadda take, sai ya sa ta tsakanin alamun zance. Ƙara filetype:pdf na kawo rahotanni da kundaye maimakon labaran Facebook, site: kuma na tsare bincike a cikin shafi guda, kamar na Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, mai riƙe da alƙaluman ƙidayar 2012.

Matsala ta biyu ita ce suna. Abin da muke kira Gure, takardun gwamnati Gouré suke rubutawa, Damagaram kuma Zinder. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya bi ta yankin a ƙarshen 1852, ya ambaci garin a matsayin babban birnin Muniyo, sunan da Faransawa ke rubutawa Mounio. Ɗalibin tarihin da ya tsaya kan rubutu ɗaya zai rasa kaso mai yawa na abin da aka adana. Kalmar OR a tsakanin sunaye biyu na haɗa su a bincike guda.

Ta uku ita ce harshe. An ɗaga darajar Hausa a doka, amma yawancin binciken da aka yi kan yankin da Faransanci yake. Kwararar rairayi da ke binne kwaruruwan noma a Gure da Maine-Soroa batu ne da masanan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinsu na Beljiyam suka daɗe suna nazari a kai. Wanda ya nema da Hausa da ƙyar zai ga wani abu. Wanda ya rubuta "cuvettes oasiennes" da "ensablement" a Google Scholar zai tarar da tarin maƙalu. Dabarar ita ce a samu maƙala ɗaya mai kyau, a kwashi kalmomin da masana ke amfani da su, a kuma bi jerin littattafan da ke ƙarshenta.

Ba komai ne ake biya ba. Rumbunan Persée da HAL na Faransa kyauta suke, AJOL ya tattara mujallun ilimi na Afirka, shirin Research4Life kuma na buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin Nijar mujallu masu tsada, muddin makarantar ta yi rajista. Ya kamata ɗalibai su tambayi ɗakin karatunsu.

Babban haɗarin yanzu shi ne manhajoji irin ChatGPT, masu iya ƙirƙiro sunan marubuci da littafin da babu shi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙago. Idan haka ta faru a Amurka, inda bayanai suka yi yawa, ina ga Gamu da rubutu a kanta bai taka kara ya karya ba? Duk madogarar da ɗalibi bai buɗe ya gani da idonsa ba, kada ta shiga kundinsa.

Ga 'yan'uwa mazauna ƙetare masu aiko wa ƙannensu kuɗin waya da data, akwai abin da ya fi kuɗin: masu rajista a jami'o'in waje na iya nuna musu yadda ake bin sawun maƙala. Su kuwa jami'o'inmu, lokaci ya yi da za su koyar da wannan tun shekarar farko, su kuma ɗora kundayen ɗalibansu a intanet. Sai an rubuta Gamu an adana, sannan na baya zai nema ya samu.