Filin Mata: Baƙin Da Ke Cikin Burauza

Uwargida da 'yan makaranta, burauza, watau Chrome ko Firefox, ita ce ƙofar shiga intanet. Akan liƙa mata 'yan ƙananan manhajoji, wata ta tare talla, wata ta yi fassara. To, amma wadda kika ba izini tana iya karanta abin da kike rubutawa, har lambar sirrin banki.

Saboda haka kowane wata ki duba jerinsu a kwamfutarki. Wadda ba ki sani ba, ki cire ta. Kada ki ɗauko sabuwa sai daga kantin kamfanin burauzar. In wani shafi ya ce ki sa Flash, ki ƙi, gama Adobe ta daina kula da shi tun ƙarshen 2020.

Sai mako mai zuwa.